ABDUSSALAMI DA ASALIN GARIN JEGA

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Jega ya san garin fatake ne. Mutanen Aliero su kan kawo albasa, na Maiyama da Kuberi da sauran garuruwan kewaye su zo da abin da gonakinsu suka bayar, baƙi kuma su taho daga nesa su saya su yi gaba. Amma ba kowa ya san cewa ragowar wata runduna ce ta kafa garin nan ba. Mutane ne waɗanda suka bi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo tun ba a zare takobi ba, suka sha wuyar jihadi tare da shi, sa'an nan da yaƙi ya zo ƙarshe suka ɓata da abokan tafiyarsu, suka ware, har aka kai musu yaƙi sau biyu. Shugabansu shi ne Malam Abdussalami, zuriyarsu kuwa su ne a ke kira Gimbanawa.

Labarinsu ya isa a sani, domin yana nuna wani abin da ba a cika faɗa ba in ana ba da labarin yaƙe-yaƙe. Tara mutane su fuskanci abokan gaba yana da wuya, amma riƙe su bayan an ci nasara ya fi wuya. Ran da aka rataye makamai, ran nan ne kowa ke tuna hasarar da ya yi, ya dubi abin da aka ba shi, ya kuma dubi abin da aka ba ɗan'uwansa.

GIMBANA

Malam Abdussalami Ba'are ne, watau asalinsa daga ƙasar Arewa, wadda ke arewa maso yamma da Argungu. Sunansa na yanka Mika'ilu. Ya zo Degel almajiranci wurin Shehu, ya kafa zangonsa nan kusa, ya sa wa wurin suna Darussalami, daga nan sunan Abdussalami ya bi shi. Cikin manyan almajiran Shehu yawanci Fulani ne, shi kuwa ba Bafillace ba ne, saboda haka Hausawa da yawa suka taru gare shi, ya zama mai jama'a.

A zamanin Sarkin Gobir Nafata aka kafa wa jama'ar Shehu dokoki masu tsanani. Aka ce kada kowa ya yi wa'azi sai Shehu shi kaɗai, kada kowa ya musulunta sai wanda ya gada, maza su bar naɗa rawani, mata su bar lulluɓi. Da Abdussalami ya ga haka, sai ya kwashi mutanensa ya fita daga ƙasar Gobir, ya tafi Gimbana cikin ƙasar Kabi, kusa da inda Jega ta ke yanzu, ya zauna.

Da Yunfa ya hau sarautar Gobir, sai ya aika masa ya komo. Abdussalami ya ƙi. A ƙarshen 1803, cikin watan azumi, rundunar Gobir ta faɗa wa Gimbana. Aka kashe mutane da yawa har da malamai, aka kama mata da yara. Abdussalami ya tsira. Da Gobirawa suka juyo za su Alkalawa, babban birninsu, sai hanya ta bi da su ta kusa da Degel, ga kamammu a ɗaure. Mutanen Shehu suka ga 'yan'uwansu Musulmi za a kai su bauta, suka kasa haƙuri, suka tare hanya suka kwance su.

Wannan kwancewa ita ce ta tsinke igiyar da ta rage tsakanin Shehu da Yunfa. Yunfa ya aiko ya ce Shehu ya fita daga cikin jama'a, shi da iyalinsa kaɗai. Shehu ya ce ba ya rabuwa da jama'arsa. A watan Fabrairu 1804 suka yi hijira zuwa Gudu, can aka yi masa mubaya'a. Ke nan jinin da aka fara zubarwa cikin wannan al'amari na Gimbanawa ne. Mai karatu ya riƙe labarin kamammun nan, domin irinsa zai sake aukuwa bayan shekara goma sha huɗu, ya jawo wani yaƙi dabam.

RUNDUNAR DA BA TA DA ALBASHI

Rundunar Shehu ba irin sojan zamanin yanzu ba ce, wanda a ke rubuta sunansa cikin littafi, a ba shi kaki da bindiga, a biya shi in wata ya ƙare. Malamai ne da almajirai, da Fulani makiyaya, da talakawa manoma. Kowa da kwarinsa da bakansa, kowa da guzurinsa. Ba mai lambar da za a neme shi da ita in ya ɓace. Saboda haka wanda ya gaji, ko yunwa ta dame shi, ko ya ga damina ta faɗi gonarsa ba kowa, sai ya bari dare ya raba ya sulale. Malamai sun yi ta karantarwa cewa juya baya ranar gamo yana cikin manyan zunubai, sai fa ga wanda ya ja da baya don dabarar yaƙi, ko don ya haɗu da wani sashe na runduna. Duk da haka aka yi ta zamewa, musamman in abinci ya yanke.

Abin da ke madadin albashi shi ne ganima. Shari'a ta tsara yadda za a raba ta. A tara duka wuri ɗaya, a fid da humusi, watau kashi ɗaya cikin biyar, sauran a raba wa waɗanda suka halarci yaƙin, mai doki ya sami rabo uku, dakare ya sami ɗaya. Wanda ya ɓoye wani abu kafin rabo ya yi ha'inci. A bakin malami abin da sauƙi. A fagen fama kuwa, inda kowa ke jin yunwa, hana mutum abin da hannunsa ya kama sai shugaba mai ƙarfi.

A watan Yuni 1804 aka yi gamon Tabkin Kwatto. Malam Abdullahi, ƙanen Shehu, shi ne ya ja runduna. Gobirawa suna da barade masu yawa da 'yan lifidi, jama'a kuwa dawakinsu kaɗan ne, ƙarfinsu baka da kibiya. Allah ya ba jama'a nasara, Yunfa ya gudu. Da labari ya watsu, sai waɗanda dā suka tsaya suna kallo suka yi ta kwararowa. Waɗansu don addini suka zo, waɗansu kuwa ƙanshin ganima ya jawo su.

A watan Disamba na wannan shekara aka gamu a Tsuntsuwa, kusa da Alkalawa. Gobirawa da Azbinawa suka yi wa jama'a mummunar ɓarna. An ce mutum wajen 2,000 suka yi shahada, a cikinsu akwai mahaddata Alƙur'ani kamar 200. Hasarar nan ta wuce ta ƙidaya, gama waɗanda suka faɗi su ne mutanen farko, waɗanda suka san dalilin da ya sa aka fito. Waɗanda suka maye gurbinsu ba duka suka zauna gaban Shehu suka yi karatu ba.

Ba a daɗe ba aka ga abin da wannan ya haifar. A watan Afrilu 1805 aka ci Birnin Kabi, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya gudu, aka naɗa Usman Masa, wani ɗan gidan sarautar Kabi wanda ya yi caffa. Shehu ya koma Gwandu da zama. Da kaka ta yi, sai Gobirawa da Azbinawa da Kabawan da ba su bi ba suka haɗa kai suka nufo Gwandu. Shugabannin jama'a suka rabu biyu, waɗansu suka ce a jira su a gida, waɗansu suka ce a fita a tarye su. Aka tsaya a kan fita. A kan hanya runduna ta biyo ta wani gari a ke ce da shi Kwalde, wanda akwai amana tsakaninsa da jama'a. Mayaƙa suka faɗa masa da wasoso. Malam Abdullahi da Muhammadu Bello ɗan Shehu suka yi ta hanawa, ba wanda ya ji, har Bello ya kusa rasa ransa a hannun mutanensa. Su biyun suka so a koma gida, don sun ga rundunar da ta ci amana ba ta cancanci nasara ba, amma aka rinjaye su, aka ci gaba.

A Alwasa aka gamu, a watan Nuwamba 1805. Aka karya jama'a, mutum wajen 1,000 suka faɗi, sauran suka komo Gwandu a warwatse. Cikin wannan rikici ne Usman Masa ya warware caffarsa ya koma wajen abokan gaba, garuruwa da yawa na Kabi suka bi sawunsa. Gwandu kuwa a sa'an nan ba ta da ganuwa. Sai da Shehu da kansa ya fito ya ƙarfafa zukatan mutane, suka tsaya cikin duwatsun da ke kewaye da garin, inda raƙuman Azbinawa ba su iya sukuwa, tukuna aka kore su. Daga baya aka bi Usman Masa aka kashe shi.

MALAM ABDULLAHI YA BAR RUNDUNA

Masu zamewa daga yaƙi iri-iri ne. Akwai wanda tsoro ya kora, akwai wanda yunwa ta kora, akwai kuma mai bin inda ya ga rinjaye, kamar Usman Masa. Amma akwai wani iri dabam, shi ne wanda ya bar runduna don ya ga ta saki abin da aka fito dominsa. Babban misalin wannan shi ne Malam Abdullahi da kansa, wanda ya ci Tabkin Kwatto, ya ci Birnin Kabi.

A 1807 aka ɗaura yaƙi za a Alkalawa. Ana cikin tafiya Malam Abdullahi ya dubi mutanen da ke kewaye da shi, ya ga abokansa na farko yawanci sun riga mu gidan gaskiya. Waɗanda suka rage kuwa da yawa hankalinsu ya koma ga neman sarauta, da tara dawaki da riguna da ƙwaraƙwarai, an bar masallatai da makarantu. Zuciyarsa ta ɓaci ƙwarai. Sai ya ware daga runduna da mutum biyar, ya shiga daji ya fuskanci gabas, da niyyar ya tafi Makka da Madina, kada ya komo.

Da ya iso Kano, zamanin Sarki Sulaimanu, sai jama'ar Kano suka riƙe shi, suka roƙe shi ya koya musu yadda a ke mulki bisa shari'a. Ya ga abin da ya guda a yamma ga shi nan ya tarar a Kano. Ya zauna ya rubuta musu littafin nan Liya'ul Hukkami, ya karanta musu tafsiri, sa'an nan ya haƙura ya koma wurin Shehu.

Abin lura a nan shi ne, Malam Abdullahi ya tafi, amma bai ja runduna ta bi shi ba, bai kuwa haɗa kai da abokan gaba ba, daga baya kuma ya komo. Saboda haka ba wanda ya kira tafiyarsa tawaye. Amma kukan da ya yi, na cewa zalunci da son duniya sun shigo cikin jama'a, shi ne kukan da Abdussalami zai yi bayan shekara goma.

RABON ƘASA

A watan Oktoba 1808 rundunar da Muhammadu Bello ke ja ta ci Alkalawa, aka kashe Yunfa. Babban yaƙi ya ƙare ke nan, ko da ya ke ba a bar kai hare-hare ba. A 1809 Bello ya fara ginin Sakkwato. Shehu ya tashi daga Gwandu ya koma Sifawa, ya mai da hankali ga karantarwa da rubuce-rubuce. A 1812 ya raba hukuncin ƙasa, ya ba Malam Abdullahi yamma, ya ba Bello gabas, arewa kuma ta zama hannun Aliyu Jedo, sarkin yaƙi.

Abdussalami fa? Shi aka ba shi Sabiyal, cikin ƙasar Aliero ta yanzu, da 'yan garuruwa kaɗan, a ƙarƙashin Malam Abdullahi. Mutumin da aka fara ƙone garinsa, aka fara kashe almajiransa, ya ga rabonsa bai kai na waɗanda suka zo bayansa ba. Ga shi kuwa mai jama'a ne, kullum mutane sai ƙaruwa su ke yi gare shi. Ya fara miƙa hannu ga garuruwan da ba a ba shi ba, Malam Abdullahi ya hana. Magana ta kai ga Shehu, har da cewa Abdussalami yana ta faɗin zaluncin masu riƙe da ƙasa. Shehu ya kirawo shi, ya raba shi da yamma, ya zaunar da shi a Kware, arewa da Sakkwato kaɗan, inda idon Bello zai riƙa kai gare shi. Daga baya aka yardar masa ya yi wa garin ganuwa.

Muddin Shehu na da rai, girmansa ya rufe ɓarakar. A watan Afrilu 1817 Allah ya yi masa rasuwa a Sakkwato, aka yi wa Bello mubaya'a ya zama Sarkin Musulmi. Malam Abdullahi ya taho, ya tarar an rufe ƙofar gari, ya juya ya tafi Gwandu, aka zauna ba jituwa tsakanin Gwandu da Sakkwato. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙasashe da yawa da aka ci da yaƙi suka ga dama ta samu, suka tayar, musamman a Zamfara. Abdussalami ya yi jinkirin zuwa mubaya'a. Da aka aika masa ya zo Sakkwato ya yi, amma zukata ba su wanke ba.

KWARE

A lokacin nan Kware ta zama mafaka. Akwai mutanen da a ke kira 'yan amana, watau waɗanda aka ci ƙasarsu suka yarda su bi, su biya abin da aka aza musu, a tsare musu rai da dukiya. Waɗansu masu iko suka riƙa cin amanar nan, suna ƙwace musu kaya. Wanda aka matsa wa sai ya gudu Kware, Abdussalami ya karɓe shi. Kasuwar garin ta cika, har mutanen ƙasashen da ba su ga maciji da Sakkwato suka riƙa zuwa ciniki. A wurin Bello wannan babban laifi ne, domin wanda ya buɗe wa abokan gaba kasuwa ya ba su abinci da labari.

Ana nan sai aka kamo waɗansu mutane da suka gudu, za a mai da su inda suka fito. Hanya ta bi da su ta Kware. Abdussalami ya sa aka tare aka sake su. A ganinsa abin da aka yi wa mutanensa a Degel shi ya yi wa waɗansu. A ganin Sakkwato kuwa akwai bambanci, gama wancan karo daga hannun Sarkin Gobir aka ƙwace kamammu, wannan karo kuwa daga hannun hukumar Musulmi, wadda shi kansa ya yi wa mubaya'a.

Kafin a zare takobi sai da aka yi yaƙin alƙalami. Labarin wannan jayayya daga hannun Bello aka same shi, cikin littafinsa Sardul Kalami, watau bakin ɓangare ɗaya ne. Amma ya kamata a yaba masa, domin ya kwafe takardun abokin jayayyarsa ya sa a ciki, har na baya suka san abin da Abdussalami ya faɗa.

Abdussalami ya kawo kuka biyu. Na fari, ya ce zalunci ya yi yawa cikin jama'a, ana cin dukiyar mutane ba bisa haƙƙi ba, ana yaƙar waɗanda bai halatta a yaƙa ba. Na biyu ya fi ratsa zuciya. Ya zana hoton ƙasa cikin takarda, ya rubuta wa kowane gefe sunan mai shi, gabas ta Bello, yamma ta Abdullahi, arewa ta Aliyu Jedo, kudu ta waɗansu 'ya'yan Shehu, sa'an nan ya tambaya ina nasa rabon. Ya nuna cewa bayan wahalar shekarun nan duka, abin da ke hannunsa bai wuce abin da ya ke da shi tun zamanin sarakunan dā ba.

Bello bai musa cewa akwai masu zalunci ba. Abin da ya tsaya a kai shi ne, laifin waɗansu cikin jama'a ba ya halatta wa mutum ya fita daga cikinta ya jiɓinci abokan gabanta. Ya ce wanda ya taimaki kafirai a kan Musulmi hukuncinsa ya zama irin nasu. Ya rubuta wa Abdussalami, ya rubuta wa jama'arsa, yana kiransu su komo, amma ba a daidaita ba.

Wannan magana ta hukunci ba ƙarama ba ce, domin a kanta ran mutane da 'yancinsu suka rataya. In an ce mutanen Kware Musulmi ne masu tawaye, to, shari'a ta ce a yaƙe su har su komo ga biyayya kaɗai, ba a bautar da iyalinsu, dukiyarsu kuma ba ta zama ganima. In kuwa an ce sun fita daga Musulunci, hukuncinsu ya fi haka tsanani nesa. Malam Abdullahi an san shi da wani ra'ayi dabam tun Shehu na da rai. Shi a wurinsa Musulmin da ya taimaki kafirai cikin yaƙi don neman duniya ya yi babban saɓo, amma bai kafirta ba, sai in kafircin ne ya taimaka wa. Ga manyan malamai biyu, gida ɗaya, makaranta ɗaya, sun saɓa a kan hukuncin wanda ya bar sahu.

A ƙarshen 1817 aka fara kai wa juna hari. Masu tawaye na waɗansu wurare suka taru a Kware, har hanyoyin Sakkwato suka zama da hatsari. Aka yi watanni ana fama. A farkon 1818 rundunar Bello ta hau ganuwa ta shiga garin. Aka harbi Abdussalami da kibiya, ya fita da rauni ya nufi Zamfara, ya rasu a Bakura. Haka almajirin da aka fara jihadi saboda mutanensa ya ƙare, a hannun rundunar da ya taimaka aka kafa.

KALAMBAINA

An ci Kware, amma ba a kashe wutar ba. Ragowar mutanen Abdussalami suka watsu, da yawansu suka koma yamma inda suka fito, suka taru a Kalambaina kusa da Gwandu. Kada a ɗauke ta da Kalambainar da ke kusa da Sakkwato. Nan suka yi ƙarfi, suka ƙi bin Malam Abdullahi. Ya kai musu yaƙi bai iya cin garin ba, gama mayaƙan Gwandu kaɗan ne, ga kuma Kabawa na jiran su ga abin da zai faru.

Da labari ya kai Sakkwato, wajen 1820, sai Bello ya ajiye ɓacin ran da ke tsakani, ya ɗaura yaƙi ya taho taimakon baffansa. Rundunonin biyu suka haɗu suka ci Kalambaina. A nan ne aka yi abin nan da masu tarihi ba su mantawa da shi. Da suka yi arba a kan dawaki, Bello ya yi haramar sauka don ya gai da baffansa, kamar yadda ya saba tun yana yaro. Malam Abdullahi ya yi masa ishara ya zauna bisa sirdinsa, shi ya gaishe shi da sunan Sarkin Musulmi. Rigimar gadon Shehu ta mutu ke nan. Tawayen Gimbanawa, wanda ya so ya rusa daular, shi ya zama sanadin shirya shugabanninta.

JEGA

Saura tambaya guda: yaya za a yi da waɗanda suka rage? An gwada takobi sau biyu. An ci Kware, suka taru a Kalambaina. In an sake korarsu, ba abin da zai hana su taru a wani wuri, ko su tafi su ƙara wa Kabawa ƙarfi.

Abdussalami ya bar ɗa, sunansa Buhari, wanda ya tsira daga yaƙe-yaƙen nan. Bayan Kalambaina ya nemi amana, Gwandu ta karɓe shi. Ba a tsare shi a birni ana gadinsa ba, ba a kuwa raba shi da jama'ar ubansa ba. Aka yardar masa ya tattara su ya kafa gari a bakin Gulbin Zamfara, kusa da kufan Gimbana, ya riƙe su da kansa a ƙarƙashin Gwandu. Garin nan shi ne Jega. Rabon da uban ya zana takarda yana tambaya, ɗan ya same shi, a ƙasar da aka fara zub da jininsu.

An ga amfanin wannan shawara da aka zo shekarun wuya. A 1849 Yakubu Nabame ya ta da tutar Kabi a Argungu, Arawa da Zabarmawa suka goya masa baya, aka shiga yaƙin da ya ci fiye da shekara hamsin. Garuruwa suka yi ta sauya ubangiji, yau suna nan gobe suna can. Ko sulhun da a ke kira Lafiyar Toga, wanda aka ƙulla wajen 1867 zamanin Sarkin Kabi Abdullahi Toga, bisa sharaɗin kowa ya riƙe garuruwan da ke hannunsa, a kan irin wannan ya warware. A 1875 mutanen Fanna suka ɓata da Argungu suka koma bin Gwandu, Gwandu ta karɓe su, Kabawa suka ce an karya alkawari, suka kore shanun Fulani masu yawa, yaƙi ya komo ɗanye. Cikin wannan duka, Gimbanawa, waɗanda kakansu Ba'are ne, waɗanda kuma ke da tsohon miki da za su iya tunawa, ba su tashi daga bayan Gwandu ba, har Turawa suka ci Sakkwato a 1903.

Garin kuwa ya yi albarka. Da ya ke yana bakin gulbi, kuma a kan hanyar fataken da ke zuwa Gwanja sarin goro da masu gangarawa Nufe da ƙasar Yarabawa, sai ayari suka riƙa yada zango a nan. Kafin ƙarnin ya ƙare kasuwar Jega ta zama babbar kasuwar yammacin daular Sakkwato. Ciniki na cikin laifuffukan da aka kama uban da su a Kware, ciniki kuma shi ya ɗaukaka garin ɗan, har Gwandu ta ci moriyarsa.

Har wa yau mai riƙe da garin Sarkin Kabin Jega a ke ce da shi, yana ƙarƙashin Sarkin Gwandu, cikin Jihar Kabi wadda aka kafa a 1991. Malam Abdullahi yana kwance a Gwandu, Sarkin Musulmi Bello a Wurno, Malam Abdussalami kuwa can ƙasar Bakura ya cika, nesa da mutanensa. Dukansu almajiran malami ɗaya ne. Allah ya jiƙansu, ya gafarta musu, amin.